Zaman Makoki a Garin Hasumiya

Tun da na dawo daga Ingila zaurena bai huta ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya gyara zama ya ce, "To Malam Umaru, yaya ƙasar?" Malam Inuwa maƙwabcina shi kaɗai ya sa na maimaita labarin jirgin ruwa har bakina ya gaji, kuma kullum wuri ɗaya yake katse ni, wai da gaske ne ba a hango gaɓa ta ko'ina? Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Wanda ya iya karatu ya karanta. Wanda bai iya ba ya nemi Malam Inuwa, ya riga ya haddace.

Ga wanda bai san ni ba, ma'aikacin En'e ne ni a nan Bauchi, aikina kasuwa da tsabtar gari. Da maganar mulkin kai ta yi ƙarfi, sai aka ce kafin Turawa su tattara nasu ya nasu, gara a tura wasu su gano yadda suke tafiyar da garuruwansu. Aka zaɓi mu biyu, ni da Yohanna, shugaban magina da kafintoci. Mutumin wajen Bogoro ne, Kirista, tsohon soja, shi ya sa kowa Kofur yake ce masa. Ranar da muka je sallama, Wakilin da ke kanmu bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce, "Ku ne na fari. In kun zauna lafiya kun gama, ƙofa ta buɗe wa na baya. In aka koro ku, kun rufe ta, ni kuma ba zan sake buɗe baki in roƙa wa kowa ba." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba a taɓa korata daga gidan kowa ba.

Babbar mota muka shiga zuwa Jos. Ni na sami gidan gaba, Kofur yana baya kan buhunan gyaɗa tare da awaki biyu. Kafin Toro taya ta fashe, bayan Toro inji ya ɗauki zafi, direba kuma ya rantse ba a taɓa yi masa haka ba, alhali kowa ya san ƙarya yake yi. Daga Jos jirgin ƙasa ya ɗauke mu har Ikko. Can muka sauka wurin wani fatken goro ɗan garinmu, wanda ya cika mu da tuwo yana cewa, "Ku ci na bankwana, inda za ku ba a tuƙa komai." Na ɗauka wasa yake yi.

Jirgin ruwa kam ya nuna mini iyakata. Muna fita teku cikina ya juya, na kwanta ina kiran sunan Allah, Kofur kuma yana zaune a gefena yana cin rabona. Shi ya taɓa hawa lokacin yaƙi, don haka ko a jikinsa. Da na farfaɗo sai matsalar alƙibla ta taso, don jirgin yakan karkata ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Wani ma'aikacin jirgi, baƙar fata daga Saliyo, ya lura da ni. Kowace safiya in ya zo wucewa da bokitinsa sai ya nuna mini gabas da haɓa ya wuce. Har muka rabu ban san sunansa ba.

A tashar Libaful muka gamu da 'yan kwastan. Uwargidana ta haɗa mini kilishi da yaji da kuka da daddawa, ta ƙulle a tsumma cikin kwano. Baturen ya buɗe kwanon, ya kai hancinsa, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya shaƙa ya rufe ido.

"Wannan abinci ne ko magani?" in ji shi.

Kofur ya ƙame ya ce, "Duka biyu, sa."

Kilishi suka riƙe, wai ba a shiga da nama. Daddawa kuwa suka miƙo mana da sauri, don babu wanda ya yarda ta kwana a ofishinsa.

Garin da aka kai mu yana kudancin ƙasar. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, mu dai Garin Hasumiya muke ce masa, saboda hasumiyar babbar majami'arsu da ake hangowa tun jirgin ƙasa bai tsaya ba. Wani dogon Bature, Mista Haris, shi ne jami'in da aka ɗora wa kula da mu. Mutum ne mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye shi ba. Muna tafe ya ce mana ya ƙwanƙwasa ƙofofi da dama yana nema mana masauki, mace ɗaya ce tak ta yarda ta sauki baƙaƙen fata. "In kuka ɓata da ita," in ji shi, "ba ni da wani wuri. Sai dai in mayar da ku jirgi."

Sunan matar Misis Kol. Gwauruwa ce, siririya, ta manyanta, ba ta dariya kuma ba ta faɗa. Kofur tun ranar farko ya laƙaba mata Mama, ba ta amsa ba, ba ta hana ba. Ta nuna mana ɗaki a sama, da lokacin cin abinci, da lokacin da ake kulle ƙofa. Abincin kuwa, Allah ya jiƙan fatken goro da gaskiya. Dankali dafaffe, kabeji dafaffe, kifi dafaffe, duk an dafa su har sun manta sunansu. Nama ban taɓa ba, don ban san wanda ya yanka ba. Nakan faki idonta in barbaɗa yaji daga aljihu.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba sanyi ba ne, rashin gaisuwa ne. Maƙwabci ya fito, maƙwabciya ta fito, kowa ya taɓa hula ya ce wani abu game da ruwan sama ya wuce. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya iyali. Ni kuwa da na ga matar da ke gidan kusa da mu sai na tsaya na jero mata gaisuwa yadda aka koya mini, har na tambayi lafiyar karenta da na ga tana ji da shi. Ta rungume karen ta shige gida ta sa sakata. Amma kada in zalunce su, suna da nasu kirkin. Ba su tsallake layi, ba su zubar da shara a kwata, kuma in Bature ya ce maka ƙarfe tara, to tara ɗin ce.

Yanzu bari in zo kan dandalin, don shi kuka fi tambaya. Fili ne a tsakiyar gari, an shimfiɗe shi da dutse, hanyoyi sun shigo masa ta kowace kusurwa. Talata da Asabar kasuwa ke ci a cikinsa, sauran ranaku motoci da tantabaru. Nan aikina yake, ina bin masu duba awo da masu shara. A gefe guda akwai wata rumfar dutse mai ginshiƙai, tsohuwa ƙwarai, a ƙarƙashinta wani tsoho yake sayar da ƙwai da kaji. Sunansa Jak, mu Baba Jak muke ce masa. Ko ba ranar kasuwa ba yana nan zaune da lofensa, wai gida shiru ya yi masa yawa. Shi kaɗai ne a garin da na gaisar ya amsa har ya ƙara da tasa, don haka muka shaƙu. Duk abin da na sani na tarihin wurin daga bakinsa na ji, in akwai ƙari a ciki ku bi shi.

Ya nuna mini wani tudu can bayan gari, ya ce asalin garin a kai yake. Sojoji da malaman majami'a suka zauna tare a can cikin ganuwa ɗaya, ga ƙarancin ruwa, ga iska, ga rashin jituwa. Wata rana malaman suka fita, sojoji suka rufe ƙofa suka bar su a waje. Malaman suka yi fushi suka sauko fadama inda rafuka suka haɗu, suka kafa sabuwar majami'a. Magina suka biyo su, masu sayar wa magina abinci suka biyo magina, kafin a jima tudu ya zama kufai, kasuwa ta kafu a inda muke tsaye. Na ce masa, "Baba Jak, ai wannan labarin garuruwanmu ne. Ko'ina ruwa ke kafa gari, faɗa ke tayar da shi." Ya yi dariya har lofe ya faɗi.

Rumfar dutsen, in ji shi, wani attajiri ne aka tilasta wa gina ta don ya wanke wani laifi da ya yi, kuma tun daga lokacin masu kaji ke zama a ciki, kakansa ma nan ya zauna. Akwai kwamin dutse na shayar da dawaki, yanzu an shuka furanni a ciki. Akwai gidan majalisar gari mai agogo a goshi. Akwai gunkin wani babban mutum da ya yi wa garin hidima, yana tsaye da hannu a miƙe, tantabaru sun mayar da kansa abin da kuka sani. Na ce wa Kofur in wannan ce ladar hidima, ni a bar ni da addu'a. Abin da ya fi burge ni shi ne wani ƙarfe da aka kafe a bangon gidan majalisa, tsawon yadi guda cif. Duk wanda ya sayi yadi yana shakka sai ya zo ya gwada a gaban kowa, ba alƙali, ba rantsuwa. Ni da na sha rabon faɗan mudu a kasuwarmu, na tsaya ina shafa ƙarfen nan kamar na ga ɗan'uwa. Sai wani dogon dutse fari a tsakiyar fili, an sassaƙa sunaye a jikinsa. Da muka zo wucewa Baba Jak ya cire hula, ya ce na samarin garin ne da yaƙi ya ci, bai ƙara komai ba.

Majami'ar kuwa tana bayan dandali kaɗan, cikin wani fili mai ciyawa. Kofur magini ne, ya tsaya a gindin hasumiyar ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya ce wanda ya aza dutsen ƙarshe ko dai waliyyi ne ko mahaukaci. Ranar Lahadi ya shiga sujada da murnarsa, ya dawo jiki a sanyaye. Ya ce waƙa kam kamar ta mala'iku, amma aka tashi kowa ya kama gabansa. "Malam, a Bogoro in baƙo ya shiga coci, faɗa ake yi a kan wanda zai kai shi gida ya ci abinci."

To, ga inda muka ɓata. Na farko, alwala. Ban san daɓen ɗakin sama na katako ne mai shan ruwa ba, sai da silin falon Misis Kol ya yi taswira. Na biyu, ranar da Kofur ya kaɗa mana miyar kuka da daddawa a kicin ɗinta, ta buɗe tagogi duka a cikin wannan sanyi. Na uku shi ya karya gadar. Kwaɗayin nama ya ishe ni, ran Talata na sayi kaza mai rai wurin Baba Jak, na kai ta bayan gida na fuskanci gabas na yanka yadda addini ya ce. Ashe matar nan mai kare tana leƙe ta taga. Ta ƙwalla ƙara kamar ita aka yanka. Kafin la'asar duk layin ya ji cewa baƙin Misis Kol suna zubar da jini a lambu.

Misis Kol ta kira mu falo, tana tsaye. Ta ce, "Ni kaɗai nake zaune a layin nan, kuma da mutanen nan zan ci gaba da zama bayan kun tafi. Ku nemi wani wuri kafin Asabar." Na ba da haƙuri iyakar Turancina, ta ce ba fushi take yi ba, ta dai gama magana. Mista Haris da ya ji ya kama kai, ya ce zai gwada, amma kada mu sa rai. Ba na ɓoye muku, na ji tsoro. Ba jirgin nake tsoro ba, fuskar Wakili nake gani, da ta samarin ofishinmu da ke jiran a ce saura su. A ce Umaru ya rufe wa Bauchi ƙofa saboda kaza!

Ran Alhamis da safe muka sauko ba mu tarar da shayi ba. Labule duk a sauke. Kofur ya leƙa falo ya dawo da sauri. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Malam, Mama yana kuka."

Muka shiga. Tana zaune cikin baƙaƙen kaya, ga hoton wani saurayi a kan tebur an ɗaura masa baƙin ƙyalle, fuskarta sharkaf. Kofur ya durƙusa ya ce, "Mama, lafiya?"

Ta ce, "Ɗana ne, Tom. Ya mutu." Ta juyar da kai.

Na ce innalillahi. Ko sanin tana da ɗa ba mu yi ba. Muka koma gefe muna jiran mutane su fara shigowa, don mu san inda za mu kama. Shiru. Na leƙa waje, mai madara ya ajiye kwalba ya wuce, mai kare tana share ƙofarta. Hantsi ya yi, ko mutum ɗaya bai taka gidan ba. Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi ba tun da na zo ƙasar. Mace ta rasa ɗa, tana zaune ita da bango?

Kofur ya ce, "Yau ne fa Mista Haris zai kai mu gidan ruwa. An riga an kore mu a nan, in mun ƙi zuwa aiki kuma, shi ke nan."

Na ce, "Kofur, a garinku in an yi wa wanda ya kore ka mutuwa, wucewa kake yi?"

Ya ce, "Haba, Malam."

"To ɗauko barguna."

Muka matsar da kujeru jikin bango, muka shimfiɗa barguna a ƙasa. Na buɗe ƙofar gida na tokare ta da dutse, don ba a rufe ƙofar gidan makoki, ko da sanyi zai kashe mu. Kofur ya ɗora babbar tukunya ya dafa shayin da zai ishi unguwa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na ce mata, "Sannu, Mama. Ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana." Ta dube mu kamar ba ta gane abin da take gani ba, amma ba ta ce mu tashi ba. Sai na yi tunanin wataƙila mutane ba su ji ba ne, tun da ba ta da mai kai sanarwa. Na zura babbar riga a kan kwat, na bar Kofur da ita, na nufi dandali.

Na fara da mai kare, na ƙwanƙwasa har ta buɗe. Na bi mai burodi, na bi mahauci, na bi mai sayar da jarida a gindin agogo. Kowa na ce masa, "An yi wa Misis Kol rasuwa, ɗanta Tom. Tana zaune ita kaɗai, ƙofa a buɗe take." Kowa sai ya saki baki yana kallona. Na ɗauka nauyin labarin ne. Da na iso rumfar dutse, Baba Jak ya saurare ni har na gama, sannan ya tashi ya kama hannun rigata ya ja ni zuwa farin dutsen nan na tsakiyar fili. Ya cire hula, ya nuna mini wani suna a jikin dutsen.

Ya ce, "Ai Tom ya fi shekara goma da mutuwa. A yaƙi, can dajin ƙasar Bama, a ƙetaren teku. Rana irin ta yau labarin ya iso mata. Kowace shekara haka take yi, ta rufe gida, da yamma ta kawo fure nan."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ga ni tsakiyar dandali cikin babbar riga, na gama shelar mutuwar da ta shekara goma, mahauci da mai burodi sun fito ƙofar kanti suna kallo. A wurinmu wa zai ga irin wannan kuka ya ce ba ɗanyen rashi ba ne? Amma kun san ni, kunya ba ta hana ni tambaya. Na ce, "Baba Jak, lokacin da abin ya faru, wa ya zauna da ita?"

Ya ce, "Mun aika mata gaisuwa. Muka bar ta ta huta. Haka muke yi, ba ma son damun mutum."

"Ba wanda ya je ya zauna?"

"Babu."

Na ce, "To ashe ban yi kuskure ba, latti kawai na yi. Zaman nan ba a yi shi ba, yana nan yana jira. Ni na koma."

Na juya na kama hanya, ban waiwaya ba sai da na kai kwana. Baba Jak yana biye da ni, hula a hannu. Bayansa mai burodi, da farin gari a hannuwansa da burodi biyu a hammata.

Kafin azahar falon ya cika. Matar mahauci ta zo, mai jarida ya zo, har mai kare ta shigo tana rarraba ido, ta zauna bakin kujera. Baba Jak ya dubi barguna ya dube mu, ya yi nishi ya zauna a ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara. Can sai ga Mista Haris ya faɗo a fusace yana nemanmu. Kafin ya buɗe baki Kofur ya danƙa masa kofin shayi ya nuna masa wuri. Ya duba hagu ya duba dama, ya zauna.

Kowa ya zuba mini ido, don ba su san yadda ake yi ba. Na ce musu a ƙasarmu ba a zuwa da dogon jawabi, zama ake yi, wanda ya san wani alheri na mamaci ya faɗa. Baba Jak ya yi gyaran murya. Ya ce shi dai abin da ya sani, Tom yana yaro ya taɓa hawa gunkin dandali ya kifa masa tukunya a ka, aka kwana biyu ana neman tsani. Misis Kol ta yi wata irin dariya da ta fito tare da kuka. Ta ce, "Tukunyata ce. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Daga nan bakuna suka buɗe. Mai burodi ya ce Tom ya yi masa aiki, kullum sai ya ƙona burodin farko. Mai kare, wadda na ɗauka ba ta da zuciya, ta ce shi ya koya wa ɗanta hawan keke, ta fashe da kuka ta kama hannun Misis Kol.

Da aka natsa sai Misis Kol ta ce, a hankali, abin da ke hana ta barci ba mutuwar ba ce. Ba ta da kabarin da za ta je, sai suna a jikin dutse. Ba ta san ko wani ya rufe shi ba, ko an bar shi ne a daji.

Kofur ya ajiye butar shayi. Ni kaina ban taɓa jin ya yi maganar yaƙi ba. Ya ce, "Mama, ni na je Bama. Ban san ɗanki ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ni da hannuna na haƙa wa mutane rami a dajin nan, fari da baƙi. Ko ana harbi, in dare ya yi sai mun koma mun ɗauko namu. Mu rufe shi, mu sa itace a kai, wanda ya iya addu'a ya yi. A inda na yi, ban ga an bar kowa ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce ya yi addu'ar da suke yi a can. Ya yi da harshen garinsu, ba wanda ya ji ko kalma, kowa ya sunkuyar da kai. Da yamma ta ɗauki furenta za ta dandali, sai duk falon ya tashi ya bi ta. Ban taɓa jin alfahari da inda na fito kamar ranar ba.

Bayan an watse muka dawo muna naɗe barguna. Na ce mata ta gafarce mu, mun ɗauka sabon rashi ne, mun tara mata jama'a ba da izininta ba. Na ce kayanmu a ɗaure suke, Asabar da safe za mu ba ta ɗakinta.

Ta ce, "Wannan zaman, a ƙasarku kwana nawa ake yi?"

Na ce, "Uku."

"Daga nan shi ke nan?"

"A'a. Ana sake taruwa ran bakwai."

"Bayan bakwai fa?"

Na ce, "Sai arba'in, Mama."

Ta karɓi bargon da ke hannuna ta mayar da shi ƙasa ta shimfiɗa. Ta ce, "To ba za ku fara mini abu ku bar shi rabi ba. Ku je ku kwance kayanku."

Muka cika mata arba'in ɗinta, har da gyara, sai da muka gama abin da ya kai mu.